Littafin aljihu na Ingilishin kasuwa da ofis: inda aiki ya kwana

Asabar, 11 ga Oktoba 2025

An fara tace katuna. Abin da muke haɗawa ɗan littafin aljihu ne domin ƴan kasuwar Maradi masu musayar saƙo da Kano, Legas, Dubai da Guangzhou, da kuma yaran da suka gama lise ko jami'a suna neman aiki ko gurbin karatu inda sai da wasiƙar Ingilishi. Ba littafin nahawu ba ne. Tambaya ɗaya yake amsawa: ga hanya biyu ko uku na faɗin magana ɗaya, wacce za a rubuta, kuma wa za a rubuta wa? Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, tambayar ta wuce kasuwa, ta shiga ofis.

Tsarin kati ɗaya ne. A sama buƙata da Hausa: neman ragi, tunin bashi, ba da haƙuri kan jinkirin kaya, neman a ɗaga ranar ganawa. A ƙasa layi uku: na wasiƙa, na WhatsApp, sai layin ja na abin da ba a rubutawa. Misalan daga saƙonnin gaske suke, waɗanda masu su suka ba mu bayan an goge suna da lambar waya. Kowace kalmar da muke shakka a kanta sai an duba alamar da ƙamus na masu koyo ya sa mata, ko ta takarda ce, ko ta hira, ko ta tsufa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Saƙonnin sun sa an sake tsarin babi na farko. Ɗalibin Katsina da gajerun kalmomin Ingilishi yake farawa, daga baya ya koyi dogayen. Namu da ya yi lakwal da Faransanci ta bayan gida yake shigowa: doguwar kalmar ce ke fara zuwa masa, domin ta yi kama da wadda ya sani. Dalilin tsoho ne. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu, talakawa kuwa suka ci gaba da nasu. Shi ya sa har yau abu ɗaya ke da suna biyu: "buy" da "purchase", "need" da "require", "help" da "assist", "start" da "commence", "enough" da "sufficient", "live" da "reside". Na farkon na baki ne, na biyun na takarda.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Mai sarin atamfa ya rubuta wa dillalin da suka daɗe suna ciniki: "I require sufficient time to commence the payment." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki. Babbar riga ce dai aka saka aka tafi gona, kuma dillalin zai iya ɗauka an fara shirin rigima ne, tunda irin wannan harshe lauya ke yin sa. Abin da ake so shi ne "I need a bit more time to pay." Ko a wasiƙar ofis ma ba dole ba ne a ɗauki doguwar. "Start" da "begin" suna shiga kowace takarda, "commence" kuwa mun bar wa kwangila da kotu. "Purchase" yana nan daram a kan takardar oda, amma ba wanda ke faɗin sa idan za shi sayen katin waya.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kama da Faransanci a fuska, ma'ana kuwa ta sha bamban. Sun ci shafi huɗu su kaɗai. "Demander" roƙo ne, amma "demand" neman abu ne da ƙarfi irin na mai haƙƙi, wanda ya rubuta "I demand a reduction" ya buga tebur bai sani ba, alhali "Could you give me a discount?" yake nufi. "Délai" wa'adi ne, "delay" jinkiri. Ka tambayi kamfani "What is your delay?" ka zarge shi da makara tun kafin a ƙulla ciniki, "What is your delivery time?" ake cewa. Oda "order" ce, ba "command" ba. Kuɗin ajiya "deposit" ne, "caution" kuwa gargaɗi. Kaya mai yawa "a large quantity", ba "an important quantity" ba. Ga ɗalibai: horo "training", zaman koyon aiki "internship", halartar taro "attend". Mafi muni shi ne "eventually". A Faransanci "éventuellement" na nufin wataƙila; a Ingilishi "eventually" na nufin ko ba daɗe ko ba jima abin zai faru. Mai aya da ya rubuta "We will eventually send 500 bags" ya ɗauki alkawarin buhu 500 ne. In wataƙila yake nufi, "We may send" ya ishe shi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Babin roƙo ya kammala. Mun jera shi daga ƙasa zuwa sama da jimla guda, neman farashi, domin mai karatu ya ga abin da ke canjawa.

"Send me the price" umarni ne tsirara, sai tsakanin abokai ko ga yaron shago. "Please send me the price" umarni ne har yanzu, an dai shafa masa mai. Yana tafiya a kasuwanci idan an riga an saba. "Can you send me the price?" shi ne na hirar yau da kullum. "Could you send me the price?" shi muka ja wa layi biyu, domin ba inda yake ɓata wa mutum: ga baƙo, ga babba, a waya, a imel. In mutum jimla ɗaya zai haddace daga littafin nan, ita ce. Daga nan sai "I would be grateful if you could send me the price", ta wasiƙar farko zuwa kamfani, jami'a ko ofishin jakadanci. A WhatsApp ta yi nauyi.

"Would you mind sending" mun ajiye shi gefe da gargaɗi biyu. Aikatau da ke biye da shi sai da "-ing". Amsarsa kuma a juye take: wanda ya ce "No, not at all" ya yarda ke nan. An sha ganin mai roƙo ya ga "No" ya yi fushi.

A layin ja akwai "I want you to send", wanda maigida ke faɗa wa bara. "I want" kansa a wasiƙa "I would like" ne. Akwai kuma "May you send me", wanda ya yaɗu saboda an koyar a aji cewa "may" ya fi "can" ladabi. Haka ne, amma sai idan mai magana ke neman izini wa kansa: "May I come in?" Da zarar an ce "May you", an shiga addu'a, irin ta "May God bless you".

Tunin bashi mataki uku muka ba shi, don kada a fara da na ƙarshe. "Just a quick reminder about the balance" na farko. "I am writing to follow up on invoice" da lambarta da ranarta na biyu. "We have not yet received payment, which was due on" da ranar, na uku. Duk ukun ba inda aka ce "you did not pay". Ana faɗin abin da bai iso ba, ba wanda bai aiko ba, ƙofar sulhu ta zauna a buɗe.

Kan "kindly" an yi ta muhawara ba a daidaita ba. A Najeriya da Indiya kalmar ladabi ce ta kullum, a banki da ofis. A Ingila da Amurka takan yi kama da tsohon yayi ko faɗa a lulluɓe, wasu kuma suna danganta ta da saƙonnin ƴan damfara. A yanzu dai ta shiga littafi da sharaɗi: zuwa Kano da Legas a rubuta, zuwa Landan a sa "please".

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Buɗe wasiƙa da rufe ta. A nan Faransancin ofis ke jan hannu sosai. "J'ai l'honneur de" ba a mayar da shi "I have the honour to" sai a takardun jakadanci. "I am writing to apply for" ko "I am writing to ask about" shi ne daidai. Doguwar jimlar sallama ta "Veuillez agréer" kuwa kalma biyu ke maye gurbinta. Ƙa'idar Ingila, wadda Najeriya ma ke bi: in an buɗe da "Dear Sir or Madam" a rufe da "Yours faithfully", in an ambaci sunan mutum a rufe da "Yours sincerely". Amurkawa "Sincerely" kaɗai suke sawa. A imel "Kind regards" ko "Best regards" ya wadatar, a WhatsApp "Thanks".

"Mr" da sunan dangi yake tafiya, ba da sunan yanka ba, kuma ba a haɗa shi da wani laƙabi: ba "Mr Alhaji". Zuwa Najeriya "Dear Alhaji" ko "Dear Hajiya" da sunan mutum daidai ne, ya ma fi. Mace da ba a san ko tana da aure ba "Ms". "Dear" a kan wasiƙa ba soyayya ba ce, amma "my dear" ko "hello dear" wani abu ne daban. Masu sayar da kaya daga Sin suna yawan rubuta shi, yaranmu suka ɗauka, har yana fitowa a wasiƙar neman aiki. Layin ja.

Gaisuwa fa? Bahaushe bai iya faɗa wa mutum buƙata ba tare da ya tambayi gida da gajiya ba, kuma ba mu ga dalilin hana shi ba inda mai karɓa ɗan'uwansa ne: a yi sallama, a gaisa da Hausa, a shiga zance da Ingilishi. Zuwa wanda ba a sani ba layi ɗaya ne, "I hope you are well", a wasiƙar neman aiki kuwa ko shi babu.

Jimlar ƙarshe "I look forward to hearing from you". Kusan duk saƙonnin da ke hannunmu "to hear" suka sa. "To" ɗin nan ba na aikatau ba ne, shi ya sa "-ing" ke biye da shi. "Looking forward to it" ƙanwarta ce ta hira.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An ƙara layi na huɗu a kan katuna, domin uku ba su ɗauki Ingilishin Najeriya ba. Mafi yawan Ingilishin da kunnen ɗan Maradi ke ji ta Dan Isa da Jibiya yake shigowa, kuma kuskure ne a kira shi kuskure. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, cikinsu har da "next tomorrow", "okada" da "Kannywood". Abin dubawa shi ne iya inda kowace ke kaiwa.

"Next tomorrow" jibi ne a Kano. A Dubai sai "the day after tomorrow", ko ma a rubuta ranar. "I'm coming" da mutum ke faɗa yana fita, "ina zuwa" ce ta Hausa sak, Bature kuwa "I'll be right back" ya sani. "Well done" a Najeriya sannu da aiki ne, a waje yabo ne bayan an gama abu da kyau. "He is not on seat" ya zama "He is not in the office". "Revert" da ma'anar ba da amsa ma'aikacin banki a Legas zai gane, mun dai sa "reply" ko "get back to you" a gefensa. "How much last?" da "last price" na kasuwa ne ido da ido, a rubuce zuwa kamfani "What is your best price for" da adadin kaya. "Borrow me" kuwa daga gida yake: Hausa da kalma ɗaya take cewa na ari kuɗi da ara mini kuɗi, Ingilishi ya raba, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend".

Inda muka yi shakkar ko magana ta Najeriya ce kaɗai ko ta kowa, rumbun rubutu na GloWbE muke dubawa. Ya tattara rubutun intanet daga ƙasashe 20 masu amfani da Ingilishi, da Najeriya da Gana a ciki, yana nuna yawan kowace kalma ƙasa-ƙasa.

Talata, 18 ga Nuwamba

An cire katunan "who" da "whom", da na "less" da "fewer". Na jarrabawa ne, ba su taɓa ɓata ciniki ba. Gajerce-gajerce sun koma rabin shafi: "I'm" da "don't" a imel da hira, cikakku a wasiƙar ofis, "u", "pls" da "gonna" ga aboki kaɗai.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Babin kuɗi, rana da alkawari. A nan layin wasiƙa da na WhatsApp sun zama ɗaya, da gangan. Inda adadi ko wa'adi ya shiga ba a neman ladabi ko sakin jiki, ana neman jimlar da ba ta karantuwa hanya biyu.

Sai an fara da dala. A Maradi dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, wato dala ɗari biyu. Ƙetare iyaka kaɗan, dala kuɗin Amurka ce. Alhaji na zaune yana faɗa, yaro na bugawa a waya: "Ce masa dala dubu kowane ɗaya." Alhaji sefa 5,000 yake nufi, yaro ya rubuta "1,000 dollars". Ƙa'idar da muka sa: mai rubutu ya mayar da lissafi sefa tukuna, ya karanta wa maigida, sannan ya sa alamar kuɗin gaban adadi, XOF ko FCFA na sefa, NGN na naira, USD na dalar Amurka, CNY na kuɗin Sin. Waƙafi da ɗigo ma a juye suke. Faransanci na rubuta 2,5 da 1.500 ko 1 500, Ingilishi 2.5 da 1,500. Wanda ya rubuta wa mai Ingilishi 1.500 ya ce ɗaya da rabi. "Milliard" kuma "billion" ne.

Kwanan wata: 04/05/2026 a nan da Najeriya da Ingila 4 ga Mayu ne, a Amurka 5 ga Afrilu, a Sin kuwa da shekara ake farawa. Magani a rubuta sunan watan: "4 May 2026". "Next Friday" ko masu harshen suna saɓani a kansa, a bar shi. "Quinze jours" mako biyu ne, wanda ya juya shi "fifteen days" ya ƙara kwana ɗaya. "Two weeks" ake cewa.

"By" da "until" sun ci shafi guda. "I will pay by 15 December" na nufin ranar ko kafinta. "Until" na abin da ke ci gaba ne har lokacin: "This price is valid until 15 December." Wanda ya ce "I will pay until Friday" ya ce zai yi ta biya har Juma'a. Haka "in ten days", bayan kwana goma, da "within ten days", kafin kwana goma su cika.

A yarjejeniya "must" da "shall" wajibi ne, "should" shawara, "may" izini. Wanda ya karɓi takarda mai cewa "The goods should arrive by" bai riƙe kowa ba. "Must not" hani ne, "do not have to" kuwa ba dole ba. Ana musanya su, abin da aka yafe ya koma haram.

Sunayen takardu ma kowanne da aikinsa. "Quotation" farashin da aka faɗa kafin ciniki. "Proforma invoice" takardar da ake kaiwa banki ko duwan kafin kaya su taso. "Invoice" ita ce faktir ta neman biya, "receipt" shaidar an biya. Kafin alƙalami "deposit", ciko "balance".

Sai amsa. "OK" a ƙarƙashin saƙon farashi ana iya ɗaukarsa an sallama. "Noted" na nufin na gani, amma ga babba ko abokin ciniki yana da sanyi. "Well received", wanda ya fito daga "bien reçu", a kunnen Bature yana nufin abu ya samu karɓuwa, an yaba. Abin da muka rubuta a kati: "Thank you, I have received it. I will check and reply tomorrow." In an yarda a faɗa da baki, da adadi: "I accept USD" kaza "per carton".

Laraba, 10 ga Disamba

An fitar da kwafin gwaji, girman A6, shafi 64, tunda naɗin takarda sai adadin da huɗu ke rabawa. Matsala biyu suka fito. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sun zama ƙananan akwatuna a kwamfutar maɗaba'a, domin ba ta da irin rubutun da aka yi aiki da shi. An koma Charis SIL, wanda ke ɗauke da su duka, kuma daga yanzu PDF ake kaiwa da rubutun a cikinsa. Ta biyu, Word ɗin da aka saita da Faransanci yana ƙara fili kafin alamar tambaya da ɗigo biyu, yana kuma juya alamar zance zuwa tasa. Ingilishi ba ya barin wannan filin. An zaɓi layukan Ingilishi aka sa musu harshen Ingila, wanda kuma ya tsayar da rubutu a kan "cheque" da "apologise", yadda Najeriya ke yi. Wannan ya zama kati shi ma, tare da babban baƙi a sunayen ranaku, watanni da harsuna, wanda Faransanci ba ya sawa.

An ba yaran shago kwafin su yi aiki da shi. Ba wanda ya nemi abu ta kalmar Ingilishi. Ta buƙata suke nema, ragi, jinkiri, ciko. Za a rushe jerin ƙarshen littafi a sake shi da Hausa. Sun kuma nuna giɓi: rabin cinikin da murya ake yin sa, babu babin waya. An buɗe masa katuna, na farko "Who are you?" a layin ja, "Who's calling, please?" a sama da shi, sai "Sorry, could you say that again?" a madadin "What?" da "Repeat". Za a naɗi muryar kowace jimla a tura ta WhatsApp, domin "thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty" a takarda ba sa ruɗa kowa, a waya kuwa sai an ji inda nauyin kalmar ya faɗa. Kafin a gama naɗin, katin ya ce a bi kowane adadi da aka faɗa da baki da saƙo a rubuce.